Bakin da Aka Hana Neman Yafiya

Mutanen Jikwoyi ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya game da Nuraddeen ɗan Hansatu mai masa ba, sai a kan bakinsa. 'Yan acaba suna cewa tun yana sakandare, in ya tsaya gardama a teburin mai shayi, sai shayin mutane ya huce a hannunsu. Matan layinsu suna cewa yaro ne mai gaisuwa, amma idonsa kullum yana kan motocin da ke wucewa cikin gari. Malamansa na sashen kimiyyar siyasa kuwa cewa suke ba su taɓa yin ɗalibi irinsa ba. Ni ajinmu ɗaya, ko da yake sai da furfura ta fito mini na shiga jami'a, Baba suke kirana. Abin da zan faɗa, rabinsa na gani, rabinsa shi ya gaya mini da kansa.

Ya fita da sakamako mai kyau, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo ɗakin uwarsa. Burinsa digiri na biyu da aikin gwamnati. Ya zaga ma'aikatu har takalminsa ya cinye, ko'ina tambaya ɗaya ce: "Wa ya aiko ka?" Waɗanda suka riƙa kwafar amsarsa a jarrabawa suna wuce shi a mota, suna ɗaga masa hannu. Uwarsa takan ce, "Nura, ka yi haƙuri, Allah bai manta da kai ba." Shi kuwa haƙurin ya ƙare masa. Direban wani oga ne ya kwatanta masa hanyar wata tsohuwa a dajin bayan Yangoji, Inna Kande.

Da rana tsaka ya isa. Ya ce abin da ya fara tsorata shi shiru ne: ga itatuwa, amma babu kukan tsuntsu ko ɗaya, ko ƙuda ba ya gilmawa. Bayan wata gonar doya akwai bukka marar rufi. A tsakiyarta an binne baƙar tukunya har wuya, an rufe bakinta da busasshiyar fata, an jera harsunan dabbobi a zare an kewaye ta da su, sun bushe sun yi baƙi. Tsohuwar tana zaune a gefe tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago kai ba.

"Ɗan boko. Me kake so?"

"Inna, ina so in na yi magana a ji. Manya su neme ni, ba ni in neme su ba. Amma tun yanzu in faɗa miki, ni ba na ba da jini. Uwata ɗaya, ƙanwata ɗaya."

Ta yi dariya, babu haƙori a bakin. "Wa ya roƙe ka jini? Ku da kallon fim! Abu ɗaya ne. Daga yau ba za ka ƙara neman yafiyar ɗan Adam ba. Ba da Hausa ba, ba da Turancinku ba, ba da durƙuso ba. Ranar da ka nema, duk abin da aka ba ka ya koma, har bakin."

"Shi ke nan?"

"Ya yi maka kaɗan ne?"

Nuraddeen ya saki numfashi, har da murmushi. "Inna, a aji malaminmu ya taɓa ce mana ɗan siyasar da ya nemi afuwa ya gama yawo."

"To, ashe sun yi mini rabin aiki. Fito da harshenka."

Ta soke harshen da ƙaya, ta shafa zuma da wani baƙin gari, ta yaye fatar bakin tukunyar ta ce ya tofa a ciki. Ya ce bai ji saukar yawun ba. Abin da ya ji shi ne wani abu a can ƙasa ya ja numfashi, kamar mai barcin da aka tasa.

Ba a yi nisa ba aka gayyace shi wani shirin siyasa a rediyo don cike gurbin baƙon da bai zo ba. Kafin ya fito daga ɗakin shirin, wani ɗan takara ya aiko mota, tun ranar ya zama ogansa. Daga nan ƙofofi suka riƙa buɗewa da kansu. In ya shiga ɗakin daliget masu zaɓen ɗan takarar jam'iyya, waɗanda suka rantse da Alƙur'ani ba za su juya ba sai su fito suna tafi. Ya sayi gida a cikin gari, ya auri Nazeefa, 'yar wani babban darakta, suka haifi Hanif. Maganar digiri na biyu ta bi iska; yanzu shi ake gayyata ya yi wa masu digiri lacca.

Rakiya ce ta fara. Ƙanwarsa ce, wadda ta bar makaranta ta riƙa ɗaukar tiren masa don shi ya yi karatu. Wata rana ta kai masa abincin uwarsu ofis, da silifa da tsohon hijabi, ta tarar da shi cikin baƙi. Wani ya tambaya wace ce. Ya ce, "Yarinyar da ke mana aiki ce." Ta ajiye kular ta fita. Ta gaya wa uwarsu, "Umma, ba komai nake so ba. So nake kawai Yaya ya ce mini 'yi haƙuri'." Ya aika mata atamfofi, ya aika sabuwar waya. Ba ta taɓa su ba. Maƙogwaronta ya fara kumbura, likitoci suka duba suka rasa, ta rasu tana kallon ƙofa.

Sai Nazeefa. Ya zagi iyayenta a kan wata 'yar magana, ta ƙi abinci tana jiran ya rarrashe ta. Da safe aka same ta durƙushe gaban maigadi tana cewa, "Ka yafe mini." Ta juya ga ƙofa, ga kujeru, ga tayar mota, kowanne tana roƙonsa ya yafe mata. Har yau tana gidan iyayenta a ɗaure, ba ta daina ba. Hanif kuwa yaro ne ɗan ƙarami da ya zubar da shayi a kan jawabin da aka rubuta wa oga, ubansa ya kwaɗa masa mari. Yaron ya kalle shi, ya juya fuska bango. Bai ƙara magana ba har aka kai shi makwanci.

Nuraddeen ya koma Yangoji kamar mahaukaci.

"Kin cuce ni! Kin ce babu jini!"

"Ni ban taɓa kowa ba," in ji Kande. "Duk na jikinka da ya kwana yana fushi da kai, tukunya ce ke ɗauka. Da ka nemi yafiyarsa, da ya tsira."

"Ke kika hana ni!"

"Na ɗaure maka baki ne? Farashi na faɗa maka. Kowace rana kai kake zaɓa."

Daga can ya zo wurina, ya kashe mota a ƙofar gidana ya zayyane mini komai. Na saurara har ya gama. Na ce, "Nura, saura Hansatu. Tun rasuwar Rakiya ba ta amsa gaisuwarka. Tashi mu je." Ya kama sitiyari da hannu biyu. "Baba, ba ka gane ba. An yi mini alƙawarin takarar majalisa. Bari a gama zaɓen fid da gwani, wallahi ranar zan je in durƙusa."

Kafin ranar ta zo ciwo ya kayar da Hansatu. Na same su a ɗakinta na Jikwoyi, don ta ƙi komawa gidansa. Maƙwabta sun taru ana yafiyar juna kamar yadda aka saba. Ta yafe wa kowa, kowa ya yafe mata. Sai ta juyo da ido.

"Nura, in na taɓa yi maka laifi, ka yafe mini."

"Babu komai, Umma."

"To kai fa? Na yi ta ƙoƙari in yafe maka Rakiya, zuciyata ta ƙi. Taimake ni, ɗana. Roƙe ni, ko sau ɗaya."

 Na ga ya buɗe baki zai yi magana. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya duba, ya ce, "Oga ne, ina zuwa," ya fita. Bai dawo ba sai da aka rufe mata fuska.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Takarar ta suɓuce, ogan ya ce bai san shi ba, aka ƙwace gidan, bakin ya karkace, harshen ya mutu a ciki. Ku da kuke aji yanzu kuna ƙirga shekarun da za ku yi kuna yawon neman aiki, ku ji da kyau: jira yana da ɗaci, na sani, amma duk wanda ya ce zai gajarta muku shi a kan abu kaɗan, ku gudu. Abin da ya kira kaɗan, shi ne abin da ke riƙe da gidanku.

Maganarsa ta ƙarshe a duniya ni kaɗai na ji ta. Bayan an binne Hansatu jama'a sun watse, ya tsaya kan kabarin da babbar rigarsa, ni ina gefe. Sai ya zube a kan ɗanyar ƙasar, ya kifa fuskarsa, ya ɗaga murya yadda duk maƙabartar ta amsa, ba kuwa mai amsa masa:

"Umma, ki yafe mini. Rakiya, ke ƙanwata ce, ki yi haƙuri. Hanif, ɗana, Abba ne ya yi laifi. Don Allah ku yafe mini."