Kwamfutar Da Ta Daina Magana A Maje

Ranar Talata jifan ya fara, ana gab da kiran magariba. Mu'azu ya dawo daga Abuja bayan awa biyu a cunkoson hanya, ya zauna kan tabarma a tsakar gidan da suke haya a Kwamba, kwamfuta a cinya. Matarsa Safara'u tana tuƙa tuwo, 'yarsu Ummukulthum mai shekara goma sha uku tana kwashe shanya. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo, ya gangaro a hankali har gaban Mu'azu, da ya taɓa shi ya ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga toka.

Aikin da ke kan cinyar tasa ba na ofis ba ne, na sa kai ne. Akwai wani tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta da mutane daga ko'ina suke ginawa tare, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara. Shekara shida Mu'azu yana cikin masu tantance rahotannin matsala. Wani ya rubuto allonsa yana daskarewa, wani ya ce firinta ta ƙi aiki, shi kuma ya ware: wannan an taɓa kawowa, wannan na gaggawa ne, wannan a miƙa wa masu gyara. Rahoton da bai gane ba, yana da amsa a ajiye da yake mannawa, cewa a turo ƙarin bayani. Idan kwana sittin suka wuce shiru, sai ya rufe rahoton. Da can yana karanta kowane rahoto sau biyu. Yanzu kam ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma babu abin da ke masa daɗi kamar ya ga jerin ya ragu.

Kwana uku ana jifa, kullum a lokaci ɗaya. Maƙwabta suka zagaya bayan gida da tocila, ba su ga ko akuya ba. Ranar Juma'a kwamfutar tana kashe, a cikin jaka, suka ji murya tana fita daga cikinta, a miƙe, ba hawa ba sauka, tana karanta wasu lambobi. Mu'azu ya cire batirin. Ya ce wa matarsa matsalar sifika ce, shi ma bai yarda da abin da ya faɗa ba.

Ranar Asabar da magariba Ummukulthum ta ajiye butar alwala, ta tsaya tsakiyar gida, idanunta a buɗe ba sa kallon kowa. Ta buɗe baki, muryar nan ta inji ta fito.

"An rufe. Babu isasshen bayani. An rufe."

Safara'u ta riƙe ta tana salati. Yarinyar ba ta yi fizge-fizge ba, ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata su ke nan. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta wuni biyu tana maimaita kalmomin har leɓɓanta suka tsattsage.

"Baban Ummu," in ji Safara'u, "wannan ai maganar da ke cikin kwamfutarka ce. Ni dai ka nemo mini Malam Khamis."

Malam Khamis dattijo ne da ke yin ruƙiyya a bayan masallacin unguwa. Ya zo bayan la'asar ranar Litinin, ya zauna kusa da yarinyar, bai fara karatu ba sai da ya yi tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Wane lokaci yake tashi? Me aka canza a gidan kafin nan? Mu'azu yana amsawa kansa a ƙasa, don ya gane tambayoyin. Su ne yake manna wa mutane kullum, sai dai shi bai taɓa zama kusa da kowa don jin amsa ba.

Rana tana faɗuwa Malam ya ɗora hannu a kan yarinyar ya fara karatu. An daɗe. Sannan muryar injin ta yanke, wata ta fito, ta tsoho, mai nauyi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma daga ina?"

"Daga Maje. Sunana ba zai amfane ka ba. Tsamiyata aka sare aka yi gidaje, na koma ɗakin wani makaho, Barnabas, tsohon malamin firamare. Ban taɓa cutar da shi ba."

"To me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi komai ba. Ubanta ne." Kan Ummukulthum ya juya a hankali zuwa ga Mu'azu. "Kwamfutar tsohon tana karanta masa komai da murya. Kullum da yamma tana karanta masa saƙonnin 'ya'yansa da littattafansa, ni kuma ina daga saman ƙofa ina saurare. Aka sabunta ta, ta yi shiru. 'Yarsa Alheri ta zo hutu ta rubuto muku, ta koma Kafanchan. Kai kuma ka tura masa tambaya a rubuce. Wa zai karanta masa? Abin da ke karantawar ne ya lalace."

Mu'azu ya tuna rahoton. Layi ɗaya ne: tun da aka sabunta, kwamfutar Baba ta daina magana. Bai kai minti ɗaya a kansa ba. Kunya ta kama shi fiye da tsoro.

"Wata huɗu ɗakin nan shiru," in ji muryar. "Ba zan sake ta ba sai maganar ta dawo."

"Ƙarya kake," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "Zalunci ba ya gyara zalunci. Yanzu za ka fita, shi kuma gobe kafin magariba yana Maje. Mu'azu, ka ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka, Malam. Wallahi na ɗauka."

Aka ja, aka ja, Malam ya ci gaba da karatu har muryar ta yi rantsuwa. Kafin ta tafi Malam ya tambayi aljanin ko akwai wasu tare da shi.

"Ni kaɗai ne. Sauran waɗanda ya rufe wa rahoto ba su da mai zo musu."

Ummukulthum ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa."

Washegari Mu'azu bai je ofis ba. Ya hau keke napep zuwa Maje, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ɗakin. Ya sami tsohon zaune a bakin gado, kwamfutar a kan tebur an lulluɓe ta da zane don ƙura. Ya kunna, ya duba. Sabuntawar ce ta karkatar da sautin zuwa wata kafa da ba a jona komai a cikinta ba, abin da ba zai taɓa gani a tasa sabuwar kwamfutar ba. Minti goma sha biyar ya ɗauka. Muryar ta tashi ta fara karanta saƙonnin da suka taru, na farko kuwa nasa ne: a turo ƙarin bayani.

Tsohon ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa. "Ashe kun amsa, ɗana. Ni na ce aiki ne ya yi muku yawa."

Mu'azu ya ce, "Ka yafe mini, Baba."

Da yamma ya koma gida. Magariba ta yi, ba dutsen da ya faɗo kan rufi, Ummukulthum tana cin tuwo a gefen uwarta. Bayan ya idar da salla ya buɗe kwamfutar, ya maido da rahoton Barnabas, ya rubuta wa masu gyara dalilin matsalar dalla-dalla. Sannan ya nemo jerin duk waɗanda ya taɓa rufewa don ba a amsa ba. Ɗari uku da goma sha ɗaya ne. Ya daɗe yana kallon lambar, idanunsa na yaji don gajiya.

Safara'u ta ajiye masa kwanon abinci. "Baban Ummu, ba za ka huta ba?"

"Zan huta," ya ce, ya buɗe na farko, ya fara karantawa a hankali tun daga layin sama.