Auta Da Baƙin Allo

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce auta a gidansu. Tana da ƙwaƙwalwa, amma gaggawa ta yi mata yawa. In aka ba ta takarda, layin farko kawai take karantawa, sai ta ce, "Na gane."

Mamanta ma'aikaciyar jinya ce, kuma tana ƙaro karatu. Wata Asabar tana da jarrabawa da yamma, a kwamfuta za ta rubuta. Da safe ta ɗauki jaka za ta je cefane.

"Auta, kada ki taɓa min kwamfuta yau," in ji Mama.

"To, Mama."

Mama na fita, Auta ta zauna a gaban kwamfutar. Ƙawarta ta ba ta labarin wani wasan tseren motoci. Ta nemo shi, ta danna a saka. Sai ga dogon rubutu ya fito, da tambaya a ƙarshe. Auta ba ta karanta ba. Ta danna "Eh."

Rubutu ya yi ta gudu kamar tururuwa. Can ya tsaya, wani jan layi ya bayyana. Auta ta kashe kwamfutar, ta sake kunnawa.

Babu hotuna. Babu 'yar kibiyar da take yawo a allo. Sai baƙin allo, da wani ɗan farin layi yana ƙifta mata ido.

Kaka ta leƙo daga ɗakinta. "Ke, me ya sami talabijin ɗin uwarki?"

"Barci take yi, Kaka."

"A da, in rediyon kakanki ya yi irin wannan barcin, mari ɗaya muke ba shi ya farka."

Auta ta ɗan mari kwamfutar. Shiru. Ta yi mata fifita da littafin lissafi. Shiru. Ta roƙe ta a hankali, har ta ce mata "ranki ya daɗe." Ko gezau. Daga ƙarshe ta lulluɓe ta da mayafin tebur, ta ɗora kwalbar furanni a kai.

Da Mama ta dawo, ta tsaya tana kallon teburin.

"Tun yaushe teburina ya yi doro?"

Kaka ta ce, "Tambayi injiniyar gidan."

Mama ta yaye mayafin, ta buɗe kwamfutar. Fuskarta ta canza. "Auta, duk karatuna yana cikin nan. In ban rubuta yau ba, sai baɗi."

Auta ta dubi baƙin allon. Ta fashe da kuka, ta faɗi duk abin da ta yi.

Mama ta kira ƙaninta a waya, wanda yake gyaran kwamfuta. Kawu ya ji bayani, ya yi dariya.

"Kwantar da hankalinki, Yaya, karatunki yana nan. Wasan ne bai jitu da manhajar da take zana fuskar kwamfutar ba. Ta tambayi Auta ko a cire fuskar, ita kuma ta ce eh. Kamar a ce kujera ba za ta shiga ɗaki ba sai an rushe bango, ka ce a rushe."

"Za ka zo?" in ji Mama.

"Ina da nisa. Ba ni mai ɓarnar, ita za ta gyara."

Kawu yana faɗar haruffa, Auta tana dannawa. Jan rubutu ya sake fitowa.

"Karanta min," in ji Kawu.

Auta ta karanta layin farko. "Na gane."

"Me kika gane?"

Auta ta sake duban allon.

"Karanta har ƙarshe."

Ta karanta a hankali. Ashe wasan ne ya maƙale, rabi ciki rabi waje, ya tare hanya. Ashe ma kwamfutar ta rubuta abin da za a danna a fitar da shi. Auta ta danna, ya fita.

Suka fara mayar da fuskar. Sai kwamfutar ta ce babu wuri. Kawu ya sa aka duba abin da ya cika ta. Ashe bidiyoyi ne, Mama ta matso tana karanta sunayensu.

"Auta tana waƙa. Auta tana rawa. Auta tana waƙa da rawa."

Kaka ta yi dariya har da tari. Dole Auta ta goge bidiyoyin da hannunta, tana jan hanci.

Da aka sake kunna kwamfutar, sai ga hotuna sun dawo, ga 'yar kibiya tana yawo. Mama ta sauke ajiyar zuciya. Ta rubuta jarrabawarta a kan lokaci, ta tashi tana murmushi.

Auta ta zo ta durƙusa. "Mama, ki yi haƙuri."

"Na haƙura," in ji Mama, ta jawo ta jikinta. "Amma ki riƙe wannan. Abin da aka hana ki, kada ki taɓa. Kada ki ce eh ga abin da ba ki karanta ba. In kuma kin yi ɓarna, ki faɗa da wuri, domin ɓoyewa ba ta gyara komai."

"Sauri ya haifi nawa," in ji Kaka. "Yanzu zo ki yi mana waƙar a fili, tunda ta cikin akwatin ta tafi."

Auta ta share hawaye, ta miƙe ta rera, Mama da Kaka suna tafa mata.