Shafin da Ya Shige Ƙaho

A kasuwar Katutura Veripi ta fara ganinsa, ko kuma a ce ta fara ganin abin da ke gabansa. Tjiramba mai sayar da tsofaffin littattafai ne, ranar kuwa ya shimfiɗa wata mujalla yana cin gasasshen nama a kanta.

"Ɗauke namanka," ta ce, ko gaisuwa babu.

Ita ce kuwa. Mujallar nan ta rayuwar mutanen da, mai hotunan butocin shayi da labulen leshi da mata cikin riguna masu jan ƙasa. Mahaifiyar Veripi tela ce, a kan cinyarta ta koyi karatu da irin wannan mujallar. Veripi ta buɗe tsakiya, sai ga rigar, hannu a kumbure, maɓallai har wuya. "Wannan zan ɗinka miki ranar aurenki," in ji marigayiyar kullum. Ta rasu ba ta ɗinka ba, dangi suka raba kaya, mujallun suka bi iska.

"Sayar mini."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Yanzu fa ka mai da ita faranti!"

"In na sayar miki, me zai dawo da ke?"

Ta harare shi ta tafi. Washegari ta dawo. Da farko kewar uwa ke kawo ta, daga baya ita ma ta daina tambayar kanta.

Yakan rubuto mata ta waya: "Karsanata, na goge miki kujera. Ni da shafin tsakiya muna jira."

Ta amsa: "Ba don kai nake zuwa ba."

"Na sani. Zo dai."

Inna Kaveere, ƙanwar mahaifiyarta wadda ta riƙe ta, tana jin labari ta tafa hannu. "Mutumin da ba shi da ko gurguwar saniya? Takarda za ki tatsa? Ga ɗan kawunki da garke a Okakarara!"

Veripi dai ranta yana kasuwa.

Sai aka yi wani biki a unguwa. Uakurisa, wadda ta daɗe tana yi wa Tjiramba fari da ido, ta shigo da ɗaurin kanta mai ƙaho biyu irin na matan garin. Tana cikin rawa ƙaho ɗaya ya saki, naɗaɗɗiyar takardar da ke tokare shi ta faɗo gaban Veripi. Ba jarida ba ce irin wadda kowa ke cusawa. Hoton butar shayi ne.

Nan take Veripi ta rubuta wa Tjiramba: "Ka ba ta abin da ka hana ni. Kada ka sake nemana."

Shi kuwa bawan Allah, tsoron ruwan sama ne ya sa ya kai mujallar gida. Kakarsa kuwa ɗaurin ƙaho take yi tana sayarwa. Ta taɓa takardar ta ji ta fi jarida ƙwari, sai ta yage ta shafi-shafi, ta cusa a ƙahonnin matan unguwa.

Ya kira Veripi, ba ta ɗauka ba. Ya rame, ita ma ta rame. Daga ƙarshe ya ɗauki sabbin jaridu ya shiga bin gida-gida, yana roƙon matan mutane su kwance masa ɗaurinsu. Wata ta bi shi da muciya, wata ta yi dariya har da hawaye. Shafuka suka yi ta dawowa, ban da na tsakiya.

Gida ɗaya ya rage a cikin masu saye wurin kakarsa. Ya durƙusa a gaban Inna Kaveere.

"Saniya ba ka da ita, ashe kunya ma babu? Kaina zan kwance maka?"

"Inna, ba don ni ba. Ko ba za ku ba ni ita ba, ku bar ta ta samu rigarta."

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kai hannu ka. Ta zaro takardar, ta ware ta a gwiwa, sai ga shafin tsakiya. Yayarta ta sha nuna mata wannan hoton.

"Tashi," ta ce. "Ka nemo ko maraƙi ne, kada a yi mana dariya."

Veripi tana bayan labule. Saƙonta ya same shi kafin ya kai bakin titi: "Ka yafe mini, masoyi. Na yi kewarka har na gaji."

Baffanninsa suka haɗa masa shanun aure, Inna Kaveere ta ɗinka rigar da hannunta. Ranar biki ta ɗaura wa amarya ƙaho, ta gyara mata kumburin hannu, ta ja da baya don ta duba. Sai ta kira ta da sunan yayarta, ba ta ma san ta yi ba.

Veripi ta amsa.

Tsofaffi suka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya cika gida da 'ya'ya da shanu. Tjiramba ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.