Jan Ƙyalle a Ƙofar Filin Kurket

A garinmu na masaƙu a Lancashire, kowa ya san Hetty Duckworth, kuma da wuya ka ji mai faɗin alherinta. Maza a mashaya suna cewa guduma take sawa a jaka inda mata ke sa allura. Limamin coci ya ce ta fi ƙarfin wa'azi. 'Yan sanda kuwa Ƙarfen Ƙafa suke kiranta, tun ranar da ta farfasa gilasan wani babban kanti ta tsaya tana jiran a kama ta, wai sai an bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a.

Sufeto Entwistle ne ya kama ta a ranar. Ta yi yajin cin abinci a kurkuku, aka yi ta yi mata ɗura da tiyo ta hanci har ta kusa mutuwa, sannan aka sako ta ta murmure. Laifi ɗaya ya isa a mayar da ita, kuma likita ya ce wata ɗurar ajalinta ce.

Ran Lahadi da hantsi, jama'a na coci, ɗakin 'yan wasan kurket ya ƙone ƙurmus.

Sufeto ya tarar da mai kula da filin, Seth Ramsden, tsaye cikin toka.

"Aikin matan nan masu neman ƙuri'a ne, Yallaɓai. Dubi abin da suka ɗaura a ƙofar fili."

Zirin ƙyalle ne mai ja da fari da kore. Sufeto ya kwance shi, ya sunkuya ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya ne, yana wurina. Amma ai shaiɗanun nan ko ta ramin ɓera sai su shiga."

"Kana ina da wutar ta tashi?"

"Coci mana."

Daga nan Sufeto ya wuce ɗakin da Hetty take haya, Saje na bin sa da ankwa. Ya same ta kwance, wuya kamar sillen kara.

"Tashi, Ƙarfen Ƙafa. Hutu ya ƙare."

"Sannu da zuwa, sarkin jarumai," ta ce da dusasshiyar murya. "Ku biyu kacal? Ba ka ji tsoro ba?"

Ya jefa mata ƙyallen a kan bargo. Ta kalle shi, ta yi dariyar da ta ƙare da tari.

"Wannan zagi ne, Sufeto. Namu shunayya ne da fari da kore. Mai ja na ƙungiyar mata 'yan lallami ne, masu shan shayi da 'yan majalisa suna roƙo. Ko ashana ba sa ƙyastawa sai sun nemi izini. Gara in mutu da in ɗaura wannan."

"Duk jirgi ɗaya ya kwaso ku."

"A idonka. Kuma da ni na ƙona, a wurin za ka same ni ina jiranka. Yaushe ka taɓa nema na?"

"Saje, sa mata ankwa."

Saje ya sa. Hannun ya rame har ƙarfen yana neman zamewa.

Ana cikin haka wata mata ta turo ƙofa da kwanon romo. Ta ga 'yan sanda ta daskare. Sufeto bai dubi fuskarta ba, hularta ya duba. An yanke ƙyallen jikinta da wuƙa, saura ɗan guntu ja a ƙarƙashin allura.

"Sunanki?"

"Clara Ramsden."

"Matar mai kula da fili? Ina sauran ƙyallen hularki?"

"Ya... ya faɗi a hanya."

"Ƙyallen da ya faɗi ba ya barin sawun wuƙa. Mijinki ya je coci yau?"

Ta ajiye kwanon romon.

"Ni kaɗai na je," ta ce.

Suka tafi tare da Clara, suka sami Seth a bayan gidansa yana wanke riga a bokiti. Ruwan sai warin kananzir.

"Kai ke wanki ran Lahadi, Ramsden?"

"Wa zai yi? Matar gidan ta zama 'yar siyasa."

Sufeto ya ɗora dogon ƙyallen a kan guntun da ke hular Clara. Yankan ya haɗu daidai.

"Kwaɗo da makullinka aka buɗe shi. Coci ba ka je ba. Kuma ka ɗauko launin da bai dace ba."

"Wane launi kuma? Tsumma ai tsumma ne!" Seth ya shuri bokitin. "Eh, ni ne! Da can taro kawai take zuwa, na haƙura. Tun da aka sako waccan mayyar, kullum tana gindin gadonta. Abincina sai ya huce, ana yi mini dariya a mashaya. Jiya na ji tana cewa za ta koma cikin masu guduma. Na ce bari in mayar da annobar inda ta fito."

"Ka san ɗura za ta kashe ta?"

"Sai me? Ku ma ai haka kuke so."

Sufeto ya sa Saje ya tafi da Seth ofis, maƙwabta na leƙe ta tagogi. Clara ba ta bi su ba.

Sai a lokacin Sufeto ya tuna ankwar tana hannun Hetty. Ya koma shi kaɗai, ya buɗe, ya tsaya yana juya hularsa.

"An kama mai laifin."

"Na ji. Me kake jira kuma? Lambar yabo?"

"In kika sake fasa gilashi, ni zan kama ki."

"In na miƙe, zan fasa. Ka zo da ƙaramar ankwa."

Ya kai bakin ƙofa, ya dawo. Ya dubi shatin ƙarfen a wuyan hannunta.

"Malama Duckworth," ya ce, karo na farko da ya kira sunanta. "Na zo in kai ki ga mutuwa ba tare da na bincika ba. Na yi kuskure. Ki yafe mini."