'Yan Aji Shida Ranar Litinin

"Wannan takardar mece ce?"

Lauya ta ɗago daga guga, ta ga abin da ke hannun uwarta, sai ta mayar da kai kan rigar da take gogewa kamar ba da ita ake ba. Yarinyar da bakinta ba ya mutuwa, har aka laƙaba mata Lauya tun tana firamare, yau ga ta tsit!

"Da ke nake! A ƙasan akwatinki na same ta, cikin safa. Takardar makaranta a cikin safa?"

"Mama, ba komai ba ce..."

"Ba komai ba?" Uwar, wadda ake kira Tela, ta zauna bakin keken ɗinkinta.

Abin da ya faru shi ne, bana makarantar kwanan da 'ya'yanta biyu ke yi ta fito da sabon tsari: ba rana ɗaya za a koma ba, kowane aji da ranarsa da takardarsa. Auta, 'yar aji biyu, ta kawo tata, sai bayan mako biyu za su koma. Tela ta manna ta a bango, ta ɗauka ta kowa ce. Da ita aka duba aka sa ranar auren Tela da Likita, Asabar ta sama. Ashe su Lauya 'yan aji shida, masu jarrabawar fita, Litinin ɗin nan za su koma. Kuma ga shi an rubuta an ja layi: ɗalibar da ta yi kwana uku ba ta dawo ba, ba tare da takardar asibiti ba, za a cire sunanta daga jarrabawa. Wadda ta shiga kuwa ba fita sai hutun rabin zango.

"Tun ranar da aka ba da hutu kika sani, kika yi shiru?"

"Da na faɗa me za ki yi? Ki fasa? Kwana biyar ne kawai, Mama. Su cire mana! In sake shekara."

"Ki sake me? Shekara shida ina taka keken nan, ki ce min ki sake?"

"Ke kika yi min alkawari!" Muryar Lauya ta karye. "Ranar da aka fita da Baba, a nan ɗakin, kika ce ba za ki shiga gidan kowa ba sai hannunki yana cikin nawa. Ko kin manta?"

Ba ta manta ba. Ina za ta manta? Auta ta leƙo daga ƙofa, ta ga fuskoki, ta koma da baya.

Washegari Juma'a Tela ta yafa mayafinta mafi kyau ta nufi makaranta. Shugabar ta saurare ta tsaf, ta saman tabarau, har ta gama.

"Allah ya sanya alheri. Amma biki ba uzuri ba ne."

"Ranki ya daɗe, ba bikin maƙwabta ba ne, nawa ne. Uwarta ce ni!"

"Na ji. Kin ga tulin takardun can? Duk roƙon iyaye ne. Wannan bikin yaya, wannan tafiya, wannan kakarta ta yi kewarta. In na buɗe miki, na buɗe wa kowa. Rashin lafiya ko rasuwa, shi ke nan."

"Ko na yini ɗaya? In aiko a ɗauke ta da safe, a dawo da ita kafin la'asar..."

"Baiwar Allah, ba ni na ƙi ba, doka ce."

Kafin Tela ta iso gida, labari ya riga ta. Gwaggo, ƙanwar babanta, wadda ba a tari a layin nan ba ta ji ba, tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafa, tana jira.

"Oh ni! Ke dai akwai wauta. Takardar asibiti suka ce ko? To wa za ki aura, makaniki?"

"Gwaggo..."

"Mutum yana yini da hatimi a aljihu! Ya rubuta zazzaɓi, kwana bakwai, ya buga. In bai iya miki wannan ba, me zai iya? Kuma ki sani, uwarsa ta faɗa a gidan mai kitso, da kunnena aka gaya min: an ɗaga sau ɗaya lokacin ciwon Auta, in aka sake ɗagawa ta janye ɗanta. Wai dama me ya gani a bazawara mai 'ya'ya biyu."

Tela ba ta ko cire mayafi ba ta juya.

Likita dai nas ne, amma wa zai tsaya gyara wa mutanen layi? Ta same shi a ɗan ɗakin allura yana wanke hannu. Yana ganinta ya washe baki.

"A'a, amarya da kanta! Hasken idona, ciwon me ya kawo ki, ko kewata ce?"

Ta rufe ƙofa. Ta faɗa masa komai tana kallon kwandon shara, ta ƙare da abin da ta zo nema. Murmushin ya zame daga fuskarsa a hankali.

"In rubuta cewa tana da ciwon da ba ta da shi?"

"Layi biyu ne kawai."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Duka biyun. Masoyiya, saurare ni. In aka gano, aikina ne. Wannan ma bar shi. Yarinyar nan fa? Abu na farko da zan yi mata a matsayin uba ya zama ƙarya da sa hannuna? Gobe in ce mata kar ta yi ƙarya, da wane bakin?"

"Ai ba 'yarka ba ce, shi ya sa!"

Maganar na fita ta so ta kamo ta. Ya tsaya da tawul a hannu, yana kallonta kamar ta mare shi.

"Haka kika ce?"

"Na ce... to a ɗaga."

"Kin san hutuna na mako ɗaya ne, an riga an sa hannu. Kin san abin da Inna ta ce."

"To ka zaɓa! Ni dai ba na shiga gidanka babu 'yata, kuma ba na kashe mata jarrabawa saboda ni."

Ya ajiye tawul ɗin. Wata mata ta ƙwanƙwasa da yaro yana tsala ihu, Tela ta raɓa ta gefenta ta fice.

Asabar shiru. Lahadi shiru. Wayarta na kan keke, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ko saƙon kuskure bai shigo ba. Kayan bikin da ta ɗinka musu su uku iri ɗaya na rataye a ƙusa, ta cire su ta tura ƙarƙashin gado. Gwaggo kuwa ta shigo sau huɗu, wai aron allura.

Litinin da safe Lauya ta zauna kan akwatinta ta harɗe hannu.

"Ba inda za ni."

"Tashi."

"Na kashe miki aure, sannan in tafi in zauna ina karatu?"

Tela ta durƙusa gabanta ta kama fuskarta da hannu biyu. "Ba ke kika kashe ba, bakina ne. Miji ana samu ana rasawa, ni na sani. Ke ce ba ni da biyunki. Tashi, 'yar Mama, kar ki sa in yi asara biyu..."

Suna cikin kuka Auta ta rugo. "Mama! Mota a ƙofa!"

Likita ne tsaye ya buɗe but ɗin motar, idanunsa jawur kamar bai runtsa ba. Bai gaishe ta ba. Ya wuce ya ɗauki akwatin, ya ce wa Lauya, "Duwatsu kika zuba a ciki?"

Suka isa bakin makaranta. Layin iyaye ya miƙe har titi, malamai biyu a tebur suna duba suna. Tela ta kasa daurewa.

"Likita, abin da na faɗa..."

"Ya yi zafi."

"Ka yafe min."

"Na yi musayar hutu da abokin aikina. Biki sai rabin zango, mako shida. Shi ya ci riba, duk aikin ƙarshen mako ya dawo kaina."

"Inna fa?"

"Ta ce ba ta zuwa."

"To ka gani..."

"Na ce mata kujerarta na nan. Na ce 'yata ce ke da jarrabawa." Sai yanzu ya kalle ta. "Ko har yanzu ba tawa ba ce?"

Tela ta ja mayafi ta rufe fuska, a gaban iyayen mutane, babbar mace da ita!

Layi ya zo kansu. Malama ta sa alama a sunan Lauya, ta turo fom. "Uwa ta sa hannu nan. Layin ƙasa na wanda zai iya zuwa ziyara ko ɗaukarta ne. Wanda ba sunansa, mai gadi ba zai bar shi ya wuce ba."

Shekara uku layin nan ba kowa a kansa. Lauya ta zare biron daga hannun uwarta ta miƙa masa.

Malama ta dube shi. "Shi wane ne?"

"Babana ne," in ji Lauya. "Saura mako shida, amma ki rubuta, ba zai canza ba." Ta juya gare shi tana share hanci. "Kuma ranar ziyara ƙarfe goma ne, ba sha ɗaya ba. Ba a karɓar uzuri."

"Ko da takardar asibiti?"

"Wa zai rubuta maka?"

Ya sunkuya ya sa hannu. Tela ta danne masa takardar.