Sarauniyar Gishirin Tangvik

"Karanta mana da ƙarfi, Runa. Idona ba ya gani sosai yanzu."

Borghild ta turo jaridar a kan tebur har ta bugi kofin gahawar Runa. Idonta lafiya lau yake, kowa ya san tana zura zare a allura ba tabarau.

Runa ba ta taɓa jaridar ba, don ta san abin da ke ciki. Kowace shekara in aka fitar da jerin masu biyan haraji, jaridar yankin kan buga sunayen goman da suka fi kowa samu. Bana sunanta ne a sama. Runa Brekke, 'yar shekara ashirin da tara, 'yar masuncin da teku ya cinye.

"Na gani," ta ce a hankali.

"Miliyan shida!" Borghild ta girgiza kai tana shafa cuku a kan fanke. "A ruwan tekun da kakannina suka wanke ƙafa a ciki. Lallai akwai wawaye a birni."

Runa ta juya ta dubi Halvard, ɗan Borghild, matuƙin jirgin fiton da ke haɗa tsibirinsu da babbar ƙasa, wanda zoben baikonsa ke yatsanta tun bara.

Kansa na sunkuye, yana ta juya cokali a gahawar da ba a sa mata sukari ba.

"Mama, ki bari mana..." iyakar abin da ya iya furtawa ke nan.

"Me na ce? Murna nake taya ta. Kawai dai mu a gidan nan ba mu saba da shiga jarida ba. Mahaifinka shekara arba'in ya yi yana gyaran jirage, ko sau ɗaya bai ɗauki kansa wani abu ba."

"Ni ma ban ɗauki kaina komai ba, Borghild."

"Ai ba sai kin faɗa ba, 'yata. Sabuwar motarki tana faɗa."

Runa ta miƙe, ta yi godiyar abinci kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama, ta sa rigar sanyinta ta fita. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya, ko zai biyo ta.

Bai biyo ta ba.

Shekara bakwai da suka wuce ta fara sana'ar gishiri, da tukunya ɗaya a tsohon ɗakin ajiye jirgi na mahaifinta. Ta ɗebo ruwan teku da bokiti, ta dafa har ya ƙafe, ta kwashe ƙwayoyin gishirin da hannu. A lokacin duk garinsu na Tangvik sonta ake yi. Mata na kawo mata kwalabe, maza na kawo itace, kowa na cewa kaico marainiya, tana dai ƙoƙari. Halvard ne ke ɗaukar mata kwalaye a jirgi kyauta, a kan kwalayen nan ma ya fara ce mata yana sonta.

Da gidajen abinci na Oslo, babban birnin ƙasar, suka fara saye, sai gaisuwar ta fara gajarta. Da ta ɗauki ma'aikata goma sha biyu, sai ta zama "sarauniyar gishiri". Ba wanda ya taɓa zaginta. A kanti dai in ta shigo sai hira ta mutu, in ta fita ta tashi.

Ta yi duk abin da ta san ana yi. Rigar sanyinta ta tun makaranta ce. Ranar aikin gayya ita ce ta farko da tsintsiya. Lambar yabon da aka ba ta a birni, a ƙarƙashin gado ta jefa ta. Duk da haka bai isa ba.

Yanzu tana neman izinin faɗaɗa masana'antar gishirinta a kan tsohuwar gaɓar da ba wanda ke amfani da ita, aikin da zai ɗauki ƙarin mutum ashirin a tsibirin da matasa ke gudu daga cikinsa kowace shekara.

Kwana uku bayan gahawar Borghild ta je ofishin ƙaramar hukuma kai sauran takardu. Mette ce a kan tebur, 'yar ajinsu tun firamare, wadda ta so Halvard tun kafin ya san Runa mace ce.

"A'a! Mai martaba da kanta?" Mette ta yi murmushi. "Na zaci yanzu aike kike yi."

"Ga takardun, Mette."

"Ajiye nan. Ko da yake ban san ko za su yi amfani ba. An kawo koke, wai bututunki zai kori kifi daga gaɓar."

"Bututun ruwa yake ja, ba ya zubar da komai. Kin sani."

"Ni me na sani? Ni 'yar albashi ce. Mutum ɗari da huɗu dai sun sa hannu." Ta jawo takardar daga aljihun tebur ba tare da an tambaye ta ba, ta buɗe shafi na biyu, ta ɗora farcenta a kan wani layi. "Kowa na da damar gani. Duba mana."

Runa ta duba.

Wannan rubutun ko a mafarki ta gani za ta gane shi. Da shi ake rubuta mata 'yan wasiƙu a liƙa a jikin kwali.

Halvard Aune.

"Ayya..." Mette ta langaɓar da kai. "Bai faɗa miki ba?"

Runa ta ƙi ba ta daɗin ganin ta karaya. Ta mayar mata da takardar, ta ce a huta lafiya, ta fita da kanta a sama.

Jirgin fito na ƙarfe biyun rana yana shigowa ta isa gaɓa. Ta jira motoci suka gama sauka, sannan ta hau matakala har ɗakin tuƙi, inda Halvard yake.

"Masoyiya! Me ya kawo..."

"Ka sa hannu?"

Fuskarsa ta koɗe.

"Runa, tsaya ki ji..."

"Eh ko a'a, Halvard."

"Mama ce ta kawo takardar, kowa na sa wa, ni kuma..."

"Kada ka laɓe a bayan Borghild! Kai da hannunka ka taya ni ɗaura bututun farko. Ka san ko kifi ɗaya bai taɓa mutuwa ba."

Ya juya yana kallon teku ta tagar gilashi.

"Me ya rage miki ne?" ya ce can. "Kin samu. Kin samu fiye da abin da za mu iya ci har mu mutu. Me ya sa ba za ki tsaya haka ba, mu zauna kamar kowa?"

"Kamar kowa..."

"Eh! In na shiga kanti ce mini ake yi mijin sarauniya. Jiya wani ya tambaye ni ko albashi za ki riƙa ba ni."

"Shi ne ka ga gara ka yanke mini ƙafa don tsayinmu ya zo ɗaya?"

"Ba haka ba ne, zuciyata..."

"Kada ka ƙara kira na haka."

Ta zare zoben. Sanyi ya sa yatsan ya kumbura, sai da ta murɗa da ƙarfi. Ta ajiye shi a kan taswirar da ke gabansa.

"Shekara bakwai ina sunkuyar da kai don kada ran mutanen garin nan ya ɓaci. Ina yi ne don na ɗauka in na koma gida akwai mutum ɗaya da zan iya miƙewa a gabansa. Ashe kai ma jira kake in faɗi."

Sai da ta shiga mota ta rufe ƙofa sannan ta fashe da kuka.

Ta yi mai isarta. Da ta gama ta share ido, ta wuce masana'anta, ta kira masanin ruwa daga jami'a ya zo ya auna gaɓar. Sati uku ba ta ɗaga wayar Halvard ba. Aiki kawai take yi, in ta gaji ta ƙara.

Ranar Asabar da rana aka yi taron yanke shawara kan izinin, a zauren gari. An cika maƙil, ga tulunan gahawa a jere. Runa ta shigo da sabuwar jar riga, wadda ta saya tun bara ta kasa sawa. Idanu suka bi ta har ta zauna.

Ta karanta sakamakon awon. Ruwa lafiya, kifi lafiya.

"Wanda ya biya masani ai shi ke da sakamako," wani tsoho ya ce daga baya.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Borghild ta miƙe tana gyara gyalen wuyanta. "Ba wanda ke ƙin yarinyar nan. A gabanmu ta tashi. Amma tekun nan na kowa ne, kuma a Tangvik ba mu saba mutum ɗaya ya fi gari girma ba."

Aka tafa. Mette ce ta fi kowa.

Runa ta miƙe.

"Ranar da nake ɗiban ruwa da bokiti hannuna na tsagewa, tekun na kowa ne. Har yau na kowa ne, ga shi can, ban sa masa ƙofa ba. Ba zan ba da haƙuri don na yi aiki ya yi kyau ba. Na daina. In kun hana ni gaɓar nan, zan gina a ƙetare, amma ku sani ba ni na bar ku ba."

Jama'a suka dubi juna, don ta faɗi abin da ba a faɗa.

Sai aka ji ƙarar kujera daga can bakin ƙofa.

Halvard ne, da kayan aikinsa a jiki, hularsa a hannu.

"Sunana yana cikin takardar nan," ya ce. "Ina so a cire."

"Zauna, Halvard!" Borghild ta ce.

"A'a, Mama. Ban sa hannu don kifi ba. Ni na fi kowa sanin bututun nan ba ya komai. Hassada ce ta sa ni."

Wata mata ta ajiye kofinta da sauri.

"Eh, hassada. Macen da nake so fiye da raina ta yi abin da ban iya ba, maimakon in yi alfahari sai na ji na ƙanƙance. Na so ta tsaya ƙarama don in ji ni babba ne." Ya dubi jama'a. "Ban san dalilin kowa ba, nawa na faɗa. Amma duk wanda ya sa hannu don kifi tsakani da Allah, ya miƙe ya nuna mana kifin."

Ba wanda ya miƙe.

Mette ta shiga gyara takardun da suke a gyare.

Can sai Oddny, matar da ke shirya kwalabe a masana'antar, ta ɗaga hannu. "Ɗana yana birnin Bergen don ba aiki a nan. Ina so ya dawo. Ni dai wannan na sani."

Da aka ƙirga hannuwa, Runa ta ci da rinjayen mutum tara kacal. Borghild ta fita ba ta dubi kowa ba.

A waje dusar ƙanƙara na sauka a hankali. Runa na buɗe mota Halvard ya iso.

"Runa..."

"Kada ka zaci magana ɗaya a zaure ta goge komai."

"Ban zata ba."

"Ka ji mini ciwon da duk garin nan ba su iya ji mini ba."

"Na sani." Hawaye ya cika idonsa. "Ba zan ce miki abin ya fita daga raina gaba ɗaya ba, ƙarya ce. Amma yanzu na san sunansa, kuma duk ranar da ya motsa ke zan fara faɗa wa. Ki ba ni dama in koyi tsayawa kusa da ke."

"Masana'antar za ta ƙara girma, Halvard."

"Ta girma."

"Sunana zai ƙara fitowa a jarida."

"Zan sayi biyu."

Dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye, ta yi saurin rufe baki. Ba ta ce eh ba a ranar. Sai da ya yi wata huɗu yana zuwa bayan ya tashi aiki, yana ɗaukar katako tare da magina, ana kiransa mijin sarauniya yana amsawa da "na'am", sannan wata rana ta miƙa masa hannunta na hagu, ya mayar mata da zoben.

A watan Yuni aka ɗaura aure a ƙaramar cocin tsibirin. Rabin gari ya zo, rabi ya ce yana da uzuri. Borghild ta zo, ta zauna a layin gaba fuska a ɗaure, amma ita ta gasa babban kek ɗin da hannunta.

Washegari suka hau jirgin fito za su tafi hutu. Halvard ba ya bakin aiki, amma da jirgin ya zo daidai gaɓar sai ya saki hannun Runa ya haura sama da gudu. Lasifika ta yi ƙara.

"Jama'a, ku duba hannun dama. Wancan sabon farin ginin, matata ce ta gina shi. Da bokiti ɗaya ta fara. Duk ƙasar nan ba mai gishiri irin nata, kuma ni ne mijinta!"

Baƙin da ke jirgin suka hau tafi. 'Yan Tangvik kuwa kowa ya sunkuya yana kallon takalminsa.

"An gama lalata min yaro," Borghild, wadda ta rako su zuwa ƙetare, ta ce tana dafe goshi.

Runa ta ji kunya ta rufe ta har kunnuwa. Ta kai hannu za ta ja hula ta rufe fuska...

Sai ta fasa.

Ta matsa gaban jirgin inda kowa zai gan ta, ta ɗaga kai sama wajen ɗakin tuƙi ta ƙwala masa kira.

"Ƙara faɗa, masoyi! Na baya ba su ji ba!"