Jakar da Ta Kwana a Ɗakin Sanyi

Da faɗa suka fara, kuma in za a faɗi gaskiya ita ce da laifi. Ita ke kula da ma'ajiyar magunguna ta asibiti, shi kuma shi ke gyaran ɗakunan sanyin da ake ajiye allurai a ciki. Ta shiga ɗauko kwali ɗaya, aka kira ta a waya, ta fito ta bar ƙofar a wangale tana ta zuba.

"Malama, ke kika bar ƙofar nan haka?"

Ta ɗago ta kalle shi sama da ƙasa. Dogo ne, da hular ulu da tsakar rana, da wani littafi a hammata.

"Ni ce. Sai aka yi yaya?"

"Minti huɗu ke nan. Sai na rubuta."

"Ka rubuta mana. Ka ƙara da cewa na ce ba ka da aikin yi."

Ya rubuta ɗin kuwa, har da abin da ta ce. Tun daga ranar take kiransa Ƙanƙara, don komai za ka faɗa masa ba ya narkewa. Shi kuma ya sa mata Garwashi, dalilin ba sai an faɗa ba. Kafin wata shida wannan baƙar magana ta koma wani abu daban, har abokan aikinta suka daina tambayar me ya sa injin ma'ajiyarta kaɗai ake dubawa kullum.

Da maganar aure ta taso, Babanta bai so ba. Shekara talatin ya yi yana shugabancin makaranta, bai saba a musa masa ba. Ya ce ba zai ba mai gyaran firij 'yarsa ba, alhali ga ɗan amininsa mai kamfanin tikitin jirgi yana sintiri a gidan. Mai tikitin nan kuwa ba ya buɗe baki sai ya ce "lokacin da nake waje", ko da kan ruwan sha ake magana.

Ana cikin haka aka zaɓe ta zuwa kwas na wata uku a wata ƙasa mai sanyi, kuma a tsakiyar lokacin da ƙanƙara ke zuba. Baba ya yanke hukunci a falo a gaban Mama.

"Kafin ki hau jirgin nan zan ba iyayen mai tikitin nan amsa. Wancan mai hular kuma kada in sake ganinsa a ƙofata."

Saura mako guda mai tikiti ya aiko da wata ƙatuwar kwat mai sheƙi, da gashi a wuya, da takalmi mai tsini. Kwat ɗin ita kaɗai ta cinye rabin akwati. Baba ya riƙa nuna wa duk wanda ya shigo.

Washegari da la'asar Ƙanƙara ya zo duk da an hana shi, riƙe da wata jaka mara fasali. Ya gaida Baba a durƙushe, Baba ya amsa da hanci. Akwatin na buɗe a tsakar falo. Ya sa hannu ya taɓa kwat ɗin, ya murza cikinta, sai ya yi abin da mai son aure bai kamata ya yi ba.

"Baba, wannan ba za ta tare sanyi ba. Ado ce kawai, iska za ta ratsa ta. Takalmin nan kuma kayar da ita zai yi a kan ƙanƙara."

Baba ya cire tabarau.

"Kai ka taɓa hawa jirgi?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To fita min daga gida."

Ya ajiye jakar ya fita. Garwashi ta zazzage ta a ɗaki, ranta ya ƙara ɓaci. Wasu siraran riguna ne masu dogon hannu da wandunansu, rigar ulu biyu, wata kwat toka-toka mara kwalliya, safar ƙafa masu kauri, safar hannu, hula mai rufe kunne, da takalmi mai kaushin ƙasa kamar tayar mota. Babu ko ɗaya da ke cikin ledarsa, an cire takardun jikinsu, kuma duk warin ma'ajiya suke. Ta ɗauki waya ta tura masa saƙo.

"Ka zo har gida ka ci mutuncin mahaifina saboda kishi, sannan ka kawo min kwancen wata. Na gode. Kada ka sake kirana."

Amsa ta shigo nan take.

"Garwashina, ba kishi ba ne. To, akwai kishi kaɗan. Amma ki sa siririyar a jikin fata, ulu a kai, kwat a ƙarshe. Kada ki sa auduga a ciki, in kin yi gumi za ta jiƙe ta daskarar da ke. Ki sa safar hannu da hula a jakar hannu, ba a akwati ba. Ko kin fasa aurena ki yi wannan."

Ta karanta sau uku, ta yi tsaki sau uku, ta kife wayar. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, ana maganar rabuwa shi yana maganar safa.

Da safe Baba ya ce shi da kansa zai mayar da tarkacen. Ya ɗauki jakar, ya ɗauki kwat mai sheƙin ma don yaro ya ga bambanci, ya sa Garwashi a gaba har asibiti. Suka same shi a bakin ɗakin da ake daskarar da allurai. Baba ya jefar da jakar a gabansa.

"Ga tsummokaranka. 'Yata ba ta sa kwance."

"Ba kwance ba ne, Baba. Amma kada ku yarda da maganata. Cikin ɗakin nan daidai yake da sanyin garin da za ta je, na duba. Ku sa waccan kwat ɗin ku shiga, minti uku kawai."

"Baba, kada ku biye masa," in ji Garwashi.

Ai kamar ta zuga shi. Baba ya zura kwat ɗin, gashin wuyan ya rufe masa gemu, ya ce a buɗe. Ƙanƙara ya bi shi ciki, ita ta tsaya tana leƙe ta gilashin ƙofa. Fankokin ɗakin na hura iska. Baba ya harɗe hannu a ƙirji yana hararar bango. Minti ɗaya bai cika ba ya cusa hannu a aljihu, ashe aljihun ma na ado ne, a ɗinke yake. Kafin na biyu ya cika ya fara buga ƙofa.

Ya fito haƙoransa na haɗuwa, tabarau ya yi fari fat. Ƙanƙara ya cire hularsa ya miƙa masa, Baba ya karɓa ba tare da ya kalle shi ba.

Littafin nan na hammata ya faɗi garin fitowa, Garwashi ta ɗauka. Ta san shi, a ciki yake rubuta sanyin ɗakuna safe da yamma. Amma shafukan baya wani abu ne daban. Safar hannu ta ɗaya, an sa kwalbar ruwan ɗumi a ciki, ta huce a minti goma sha biyu, an mayar. Ta biyu, an mayar. Ta huɗu ce ta yi minti arba'in, ya ja layi a ƙarƙashinta ya rubuta "ta Garwashi". Haka kwat, haka hula, haka takalmi, mako uku yana wannan aiki. Kayan ba sa shigarsa, shi ya sa kwalba ta tsaya a madadinta.

Ta miƙa wa Baba littafin. Idonta ya cika, amma muryarta na nan da zafinta.

"Kai wane irin mutum ne? Bakinka ciwo yake da ba za ka faɗa min ba?"

"Kin ce kada in kira ki."

Baba ya goge tabarau ya karanta shafukan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba jarrabawa. Ya ciro waya ya kira mai tikiti.

"Kai, ƙasar wajen nan da kake zuwa, a wane wata kake zuwa?"

Mai tikiti ya ce lokacin zafi ne, don ya fi daɗin yawo. Baba ya kashe wayar. Ya juya kan Ƙanƙara, har yanzu fuskarsa a murtuke.

"Ba ka da ladabin magana, wannan kam ba ka da shi. Ka turo manyanka gobe."

Ranar jajibirin tafiyarta aka ɗaura auren. Mama ta yi kukanta ta share, ta shirya akwatin da kanta, sai ga shi har da sauran wuri. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya ƙara da cewa Allah ya ba yaron nan haƙurin zama da 'yarsa, don ya san abin da ya haifa.

Kwana biyu bayan haka, Ƙanƙara na tsaye a bakin ɗakin sanyi saƙonta ya shigo.

"Na sauka lafiya. Mutane na ta rawar ɗari a bakin filin jirgi, ni ko a jikina. Har yanzu ina fushi da kai, mijina. Hannuna da ɗumi."

Ya buɗe littafin, ya nemo shafin da ya ja wa layi, ya rubuta wannan ma a ƙasa. Allah ya bar su tare.